Agajin da ke isowa bayan an sayar da tunkiya ta ƙarshe

A mako na biyu na watan Disambar 2021, lokacin da rikicin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta Musgum ya taso daga ƙauyukan Logon-Birni ya shigo mana har cikin Kusuri, garinmu na arewacin Kamaru, aka ƙona kasuwar shanu, mun yi kwanaki ba mu buɗe rumfarmu ta hatsi ba. Daga bakin kogin Logon mutum yana iya hango mata da yara suna cika kwale-kwale domin su tsallaka zuwa Njamena, wata da ƙunshin tsumma a ka, wata da tukunya ɗaya, wata kuwa ba ta da komai sai goyo. Mu da ba mu tashi ba muna zaune a zaure, ƙofa a rufe, rediyon mahaifina a kunne. A cikin ɗaya daga waɗannan darare ne sashen Hausa na wata tashar waje ya kawo rahoto a kan iyalan Afganistan da yaƙi da fari suka raba da ƙauyukansu, suka tare a gefen birnin Herat cikin tantuna, ga sanyi ya kama. Na miƙa hannu zan murɗa tashar, ina cewa a raina namu ma ya ishe mu. Sai Baba ya ce, “Bar shi mu ji. Ai waɗannan tare muka fara da su.”

Ban gane nufinsa ba sai da ya warware mini. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Afganistan a ƙarshen Disambar 1979, jama'a suka fara kwarara zuwa Pakistan da Iran, kuma watanni uku kacal bayan haka, a watan Maris na 1980, yaƙi ya ɓarke a Njamena tsakanin mutanen Gukuni Wedeye da na Hisen Habre, dubun dubatar mutane suka tsallako kogi suka cika Kusuri har ta rasa inda za ta sa su. Baba yana saurayi a lokacin. Ya ce da rana yakan taya kakana auna wa baƙin Chadi gero, da dare kuma ya ji labarin baƙin birnin Peshawar na Pakistan a rediyo, shi ya sa a wurinsa gudun hijirar nan biyu tagwaye ne. Bambancinsu, in ji shi, shi ne yawancin mutanen Njamena sun koma gidajensu bayan shekara ɗaya ko biyu, amma a cikin 'yan Afganistan akwai waɗanda suka haihu a sansani, 'ya'yan da suka haifa su ma suka haihu, ba a koma ba. Tun daga wannan dare nake bin labarin ƙasar, kuma duk lokacin da na ji yadda ake kai musu agaji sai in tuna abin da na sha gani a gaban rumfarmu, wato taimako yakan riski mutum ne bayan ya riga ya rasa abin da zai mayar da shi gida.

Mai karatu a ƙasarmu zai fi fahimtar lamarin idan ya san cewa daminar Afganistan a kan duwatsu take sauka, kuma a tsakiyar hunturu. Mu nan gabas muke duba a watan Yuni muna jiran hadari ya haɗo, su kuwa manoman can tsaunukan Hindu Kush suke ɗaga kai su duba a watan Janairu da Fabrairu, domin dusar ƙanƙarar da ta taru a kansu ita ce za ta narke sannu a hankali idan zafi ya fara shigowa, ta cika koguna da rijiyoyi. Da Hausa ma abin ya fi daɗin faɗa: idan tsauni bai yi fari ba, to a shirya wa fari. Mutanen Kabul suna da karin magana cewa gara birninsu ya rasa zinariya da ya rasa dusar ƙanƙara. Tun zamanin da manoman ƙasar suke haƙa abin da suke kira karez, wato jerin rijiyoyi daga gindin dutse zuwa fili, a haɗe su da wata hanya mai ɗan gangara a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya bi ta cikinta da kansa har ya ɓulla a gona, ba inji ba guga. Wanda ba shi da rabo a karez ko a kogi, kamar yawancin manoman lardin Badgis, alkamar tudu yake shukawa, wadda suke ce wa lalmi, ya zuba iri ya bar wa Allah. Masunta da makiyayan fadamar Logon sun san irin wannan zama sarai, domin su ma ruwan da rayuwarsu ta rataya a kansa can kudu yake sauka, a tudun Adamawa, su dai nasu jira ne.

Fari ba ya korar mutum dare ɗaya yadda bindiga take yi, kuma mai rumfar hatsi ya fi kowa sanin matakansa, tun da a gabansa ake taka su. Magidancin da ya saba sayen buhu sai ya koma sayen koro, daga nan ya fara cewa a rubuta masa, sannan wata ranar kasuwa ka hango shi yana jan akuya. Da yake ba shi kaɗai ya jawo tasa ba, farashin dabba sai ya faɗi warwas a daidai lokacin da na hatsi yake hawa, ragon da a bara kuɗinsa zai riƙe gida wata biyu, bana da ƙyar ya kai mako biyu. Samarin gidan su tafi cirani, mu nan zuwa Njamena ko Garwa, su can zuwa Iran. A rage cin abinci daga sau uku zuwa sau ɗaya, uwa ta ce ta ƙoshi domin yara su samu. Abu biyu ne mutum yake riƙewa har ƙarshe, irin shuka da tunkiya mai haihuwa, domin da su ne zai sake farawa idan ruwa ya dawo. Ranar da aka niƙe irin aka ci, aka kai tunkiyar kasuwa, ranar ce ya zama ɗan gudun hijira ko da bai fita daga ɗakinsa ba tukuna, tafiyar da za ta biyo baya cika sharaɗi ce kawai.

Haka abin ya kasance a yammacin Afganistan a 2018. Ruwa da dusar ƙanƙarar da suka sauka a hunturun da ya gabata sun gaza ƙwarai, a wasu yankuna da kusan kashi 70 cikin 100, alkamar lalmi ta ƙone tun ba ta fitar da kai ba, makiyaya ta bushe. Zuwa watan Satumba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya mutum kusan 275,000 da fari ya tayar, adadin da ya zarce na waɗanda yaƙi ya kora a shekarar zuwa wannan lokaci, a ƙasar da kullum ake musayar wuta. Yawancinsu sun yada zango a bayan garin Herat da kuma Kala-i-Nau, babban birnin Badgis, a fili fetal, wasu cikin tanti, wasu ƙarƙashin zannuwan da aka ɗinke aka ɗaura a kan sanduna. Asusun kula da yara na Majalisar, wato UNICEF, ya ce tsakanin Yuli da Oktoba na wannan shekara ya gano yara 161 a lardunan biyu, kusan dukansu mata, waɗanda iyayensu suka yi musu baiko ko suka aurar da su ko suka sayar da su domin a biya bashi. Ban kawo wannan don a zagi iyayen ba. Na kawo shi ne domin ya nuna inda gida yake kaiwa idan mai bin bashi yana tsaye a ƙofa, kuma tunkiya ta ƙarshe ta riga ta tafi.

Abin da yake ba ni takaici shi ne fari, ba kamar girgizar ƙasa ba, yana yin sallama kafin ya shigo. Tun a watan Fabrairu kowane manomi ya ga tsauni baƙi ƙirin, masu na'urorin auna yanayi su ma sun gani, ke nan akwai tazarar watanni huɗu ko biyar tsakanin sanin cewa ba za a yi girbi ba da ranar da iyali za su kulle ƙofa su hau mota. A cikin waɗannan watanni, buhun dusa da harawa zai hana a sayar da tunkiya, ɗan kuɗi kaɗan zai hana a ci iri, gyaran karez ɗaya zai riƙe ƙauye guda a mazauninsa. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar, FAO, takan raba irin alkama da taki da abincin dabbobi a Afganistan, kuma a ganina babu agajin da ya fi wannan albarka, amma ba shi ne yake jan hankalin masu bayarwa ba. Kuɗi mai kauri ba ya fitowa sai an ga hoton tantuna jere da yaro mai tamowa ana auna damtsensa da ɗan zare mai launi, kuma a lokacin abin da za a kashe wajen shayar da mutum ruwan tanka da ciyar da shi wata da watanni ya ninka abin da zai riƙe shi a gonarsa. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan suna, ihu bayan hari.

Gaskiya ne kuma cewa yaƙi yana da hannu a makarar. A 2018 yankuna da dama na Badgis suna hannun Taliban ko ana fafatawa a kansu, ma'aikatan agaji ba sa iya shiga yadda suke so, sai jama'a suka taso zuwa inda agajin yake, wato gefen birni. Hanyar da ake yaƙi a kanta ba ta kai dabba kasuwa, gonar da aka binne wa nakiya ba ta nomuwa ko da ruwa ya dawo, kuma Afganistan tana cikin ƙasashen da suka fi yawan nakiyoyi da ragowar bama-bamai a duniya. Saboda haka ne nake ganin raba mutane gida biyu, a ce waɗannan yaƙi ya koro su waɗancan kuma fari, aikin takarda ne kawai. Na ga haka da idona. A kwanakin rikicinmu wani dattijo makiyayi ya sauka a zaurenmu da matarsa da jikoki uku, yaran gida suna ce masa Baffa. Da aka zo rubuta sunaye domin rabon katin karɓar agaji, na raka shi don in yi masa tafinta, ma'aikacin ya tambaye shi abin da ya raba shi da gida, faɗa ko rashin ruwa, domin takardar wuri ɗaya ta bari a cike. Baffa ya yi shiru, sannan ya juyo ya ce mini, “Ɗana, gaya masa wasu shanun na sayar da su tun kaka saboda babu ciyawa, wasu sun maƙale a ramukan da masunta suka haƙa don tare ruwa, sauran kuma daren da aka ƙone rugarmu na rabu da su. Ya zaɓi wanda ya ga dama.” Ma'aikacin ya rubuta faɗa, kuma da ya rubuta ɗayan wataƙila da sunan bai fito ba.

Dokokin duniya ma haka suka rarraba mutane. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta san wanda ya tsallake iyaka saboda tsoron zalunci, ba ta san wanda rijiyarsa ta ƙafe ba. A wannan fage Afirka ta ɗan yi gaba, domin yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta haɗa har da waɗanda bala'in yanayi ya tayar a cikin ƙasarsu, ko da yake tsakanin rubutu da buhun gero akwai tafiya mai nisa. Sannan akwai wani rabe-raben da ya fi wannan ciwo, tsakanin sabon ɗan gudun hijira da tsoho. Agajin gaggawa na watannin farko ne, bayan nan sai a ɗauka mutum ya zauna da gindinsa, alhali babu abin da ya canja a rayuwarsa sai tantin da ya yage.

Sai ga 2021, fari na biyu mai tsanani cikin shekara huɗu, kuma a wannan karo ya haɗu da faɗuwar gwamnati. Faɗan da aka yi kafin Taliban su shiga Kabul ranar 15 ga Agusta ya tayar da mutum wajen 700,000 a cikin shekarar, ƙari a kan miliyoyin da suka riga suka bar gidajensu. Gwamnatin da ta faɗi kuwa kusan kashi 75 cikin 100 na abin da take kashewa daga taimakon ƙasashen waje yake fitowa, kuma dare ɗaya aka rufe wannan famfo. Amurka ta riƙe kimanin dala biliyan 7 na babban bankin ƙasar da ke ajiye a wurinta, bankunan duniya suka ji tsoron takunkumi suka daina aika kuɗi, har aka kai matsayin da mai ajiya ba ya iya cirar fiye da dala 200 a mako daga asusunsa. Malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti, waɗanda a da su ne 'yan'uwa na ƙauye suke jingina da su idan gona ta ƙi, su ma suka shiga layin karɓar gari. Kasuwanni cike suke da abinci a lokacin, kuɗin saye ne babu, kuma duk ɗan kasuwa ya san wannan yunwa ta fi cin rai. A watan Oktoba Hukumar Abinci ta Duniya, wadda mu nan muka fi sani da PAM, ta ce mutum miliyan 22.8, fiye da rabin al'ummar ƙasar, suna fuskantar matsananciyar yunwa.

A nan wajibi ne in faɗi alherin agaji, kada a ce mai rumfar hatsi ba ya ganin komai sai aibi. A Disambar 2021, watan da mu muke ɓoye a zaure, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2615 wanda ya cire ayyukan jinƙai daga takunkumi, a Janairun 2022 kuma Majalisar ta nemi dala biliyan 4.4, roƙo mafi girma da ta taɓa yi domin ƙasa guda har zuwa lokacin. Da bankuna suka gagara, tsabar dala aka riƙa lodawa a jirgi ana kaiwa Kabul, ƙungiyoyi da dama kuma suka koma ga hawala, tsarin nan da 'yan kasuwarmu suka sani tun kaka da kakanni, ka ba da kuɗi a Kusuri a karɓa a Kano da magana ɗaya. An kai abinci lardunan tsaunuka irin su Gor da Badakshan kafin dusar ƙanƙara ta toshe hanya, kamar yadda mai hankali a nan yake shigo da kayansa kafin damina ta cinye hanyar Waza. A 2022 PAM ta kai taimako ga mutum sama da miliyan 20, kuma yunwar kisa da aka yi fargaba a wancan hunturu ba ta auku yadda aka zata ba. Rayukan da aka ceta ba ƙanana ba ne. Sai dai an ceci rai ne, ba a mayar wa kowa tunkiyarsa ba, shi ya sa da hannun bayarwa ya fara gajiya mutanen suna nan inda aka same su.

Kafin in zo ga gajiyar, akwai laifin da yake na masu mulkin Kabul ne su kaɗai. Ranar 24 ga Disambar 2022 suka hana mata aiki a ƙungiyoyin agaji, a watan Afrilun 2023 suka faɗaɗa hanin har ga matan ƙasar da ke aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a Disambar 2024 suka rufe wa mata makarantun koyon unguwarzoma da jinya. Ni da na girma a gidan da baƙo namiji ba ya wuce zaure, ba na bukatar wani ya yi mini bayanin abin da wannan yake nufi. Idan mai rubuta sunaye namiji ne, a ƙofa zai tsaya ya yi magana da maigida, gidan da babu maigida kuwa, kuma yaƙin shekara arba'in ya bar irin waɗannan gidaje birjik, ba mai fitowa ya amsa sallama. Mace ce kaɗai za ta shiga har ɗaki ta ɗaga murfin tukunya ta ga babu komai a ciki, ta duba jaririn da uwarsa take jin kunyar cewa nononta ya ƙafe. A unguwarmu masu rigakafi mata ake turowa cikin gida saboda wannan dalili, ba kuma wanda ya taɓa cewa an keta addini. Wanda ya fi kowa dagewa a kan cewa namiji ba zai shiga wurin mata ba, shi ya kamata ya fi kowa neman a sami mata masu ilimi da za su shiga. Hana su aiki bai ƙara wa kowace mace sutura ba, bazawara da marayunta kawai ya fitar daga lissafi.

Amma martanin masu bayarwa shi ma bai faɗa kan mai laifi ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a Afganistan kuwa wanda ya ja ruwan yana zaune a ofis mai ɗumi, wadda ruwan yake duka tana cikin tanti a bayan Herat. Hankalin duniya ya riga ya koma Yukren tun Fabrairun 2022, gudummawa ta ragu, kuma a cikin 2023 kaɗai PAM ta cire mutum miliyan 10 daga jerin waɗanda take ciyarwa saboda rashin kuɗi. Ina ƙoƙarin in hango ma'aikacin da aka ba wannan aiki, ya zauna da takarda ya zaɓi tsakanin gidan da ke cin abinci sau ɗaya da gidan da ke kwana da yunwa. Mu ma wannan guguwa ba ta tsallake mu ba, domin a ƙarshen shekarar hukumar ta yi gargaɗin cewa za ta iya dakatar da taimako ga mutum miliyan 1.4 a Chadi, a daidai lokacin da 'yan Sudan suke kwararowa ta Adre, kuma duk mai zuwa sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a nan Kamaru ya san yadda rabo ya ƙanƙance. Tukunya ɗaya ake ɗiba mana da su.

Abin da ya biyo baya ya zo ne a jere, ba hutu. Ranar 7 ga Oktoban 2023 girgizar ƙasa ta rusa ƙauyukan gundumar Zinda Jan a lardin Herat, ta kashe mutum kusan 1,500, mafi yawansu mata da yara da ke cikin ɗakunan ƙasa. A wannan watan ne Pakistan ta ba baƙi marasa takarda wa'adi zuwa 1 ga Nuwamba, kuma cikin 'yan watanni mutum wajen rabin miliyan suka tsallako iyaka ta mashigun Torkam da Spin Boldak, a cikinsu har da jikokin waɗanda Baba yake jin labarinsu a 1980, waɗanda ba su taɓa taka ƙasar da ake cewa tasu ba. A watan Mayun 2024 ambaliya ta ci mutum fiye da 300 a Baglan, domin ƙasar da fari ya ƙeƙasa ba ta shan ruwa, gangara shi take yi, abin da mutanen Yagwa da Njamena suka gani a daminar wannan shekara. A 2025 Amurka ta yanke agajinta, ɗaruruwan ƙananan asibitoci suka rufe, Iran da Pakistan suka koro fiye da mutum miliyan 2, sannan a daren 31 ga Agusta wata girgizar ta kashe sama da mutum 2,000 a lardin Kunar.

Akwai wata magana da nake yawan ji a kasuwa idan aka ga buhu mai tambarin agaji a rumfar wani, a ce ka ga 'yan gudun hijira ba su da godiya, ana ba su suna sayarwa. Na tabbata ana faɗar irinta a Herat. Ni kam na sha sayen irin wannan buhu kuma ban taɓa jin kunya ba, domin na san wanda ya kawo shi. Matar da aka ba shinkafa alhali ɗanta zazzaɓi yake yi, ko ba ta da itacen dafa ta, ko mai ɗaki yana neman kuɗin haya, ba ta da hanyar da ta wuce ta mayar da rabin rabonta kuɗi, kuma a kan asara take sayarwa. Shi ya sa nake goyon bayan tsarin da ƙungiyoyi da dama suka koma gare shi, a ba mutum kuɗi a hannu duk inda kasuwa take ci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Afganistan, inda sanyin Janairun 2023 kaɗai ya kashe mutum fiye da 150 da dubban dabbobi, iyali sun fi kowane ofis sanin ko garin alkama suka fi bukata a wannan mako ko gawayi da bargo. Wanda zai ce kuɗi yana iya faɗawa hannun da bai dace ba, gaskiya ya faɗa, amma buhu ma yana faɗawa, kuma ya fi kuɗi tsadar ɗauka.

Wani abin da ba a cika ƙidaya shi a rahoto ba shi ne agajin farko kullum daga maƙwabci yake fitowa. Kafin motar kowace ƙungiya ta iso, a Kusuri ta 1980 da Njamena ta 2021 da kowane gari na Afganistan, ɗan'uwa ne ya buɗe ɗaki, limami ya yi shela bayan sallar asuba, mata suka ƙara ruwa a miya. Yawancin waɗanda suka bar gidajensu a can ba a sansani suke ba, suna raɓe ne a gidajen dangi da kangaye da unguwannin gefen birni, kuma mai masaukin da shi ma talaka ne ba kasafai sunansa yake shiga jerin rabo ba. Mu Musulmi muna da zakka da sadaka, amma mu ma halinmu ɗaya da manyan masu bayarwa, hannunmu ya fi saurin buɗewa ga wanda ya riga ya zo bara fiye da maƙwabcin da muka ga yana jan akuyarsa ta ƙarshe zuwa kasuwa, alhali a ranar ne kuɗinmu zai fi yi masa amfani.

Da ƙura ta lafa a 2022, waɗanda suke da abin komawa sun koma, masunci ga komarsa, makiyayi ga abin da ya rage na garkensa. Baffa bai koma ba. Katinsa ya yi aiki na wasu watanni sannan aka ce an rufe rabo, ya kama tura kurar ruwa a unguwa, aikin da bai dace da shekarunsa ba. Wata Juma'a Baba ya tsayar da abokansa biyar a ƙofar masallaci ya ce musu, “Alhazai, mutumin nan ba gero yake bukata ba, makiyayi ne,” aka haɗa kuɗi aka saya masa tumaki biyu masu ciki. Yana ɗaure su a bayan rumfarmu, mu kuma muna tara masa dusa da sharar hatsi. Ɗaya ta mutu a ambaliyar 2024, ya sayar da ɗan rago guda lokacin da jikarsa ta kwanta asibiti. Ya ce idan suka kai goma zai kora su ya koma ƙauye kafin damina ta rufe hanya. Jiya da na zagaya bayan rumfa na ƙirga su, shida ne.